Gidan da Ba Ya Shiga Kasuwa: Yadda Ma'aikatan Yurugwai Suka Gina wa Kansu Unguwanni

A shekarar 1966, a garuruwa uku na ƙasar Yurugwai da ke Kudancin Amurka, iyalai 95 suka soma wani gini da ba a saba ganin irinsa ba. A Salto ma'aikatan jirgin ƙasa ne, a Fray Bentos ma'aikatan hukumar gari, a Isla Mala kuwa leburori ne masu aiki a gonakin shanun madara. Babu ɗaya daga cikinsu da albashinsa zai kai shi ƙofar banki. Wata cibiya mai zaman kanta, Centro Cooperativista Uruguayo, ta haɗa su da injiniyoyi da masu zanen gini, aka samo rance, su kuma suka sa ƙarfinsu a madadin kuɗin da ba su da shi: haƙar harsashi, kwaɓa siminti, ɗaukar bulo, gadin kaya da dare. Mallakar fili da ginin ta zama ta ƙungiya baki ɗaya, kowane iyali kuma ya karɓi haƙƙin zama a gida ɗaya muddin ransa, magadansa su ci gaba bayansa. A Isla Mala ɗin ne, ranar 24 ga Mayun 1970, aka kafa tarayyar irin waɗannan ƙungiyoyin gama-kai, wadda ake kira FUCVAM. Yau ƙungiyoyin da ke ƙarƙashinta sun haura 500, iyalan da ke cikinsu sun fi 20,000, a ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan uku da rabi ba.

Duk wanda ya ji wannan labari, abin da ke fara ɗaukar hankalinsa shi ne gumin da aka zubar. Hoton mata da maza suna miƙa wa juna bulo ranar Lahadi yana da daɗin gani, kuma Bahaushe ba ya bukatar a yi masa bayaninsa, domin ya san aikin gayya tun kafin a san siminti. Mutanen Yurugwai ma suna da tasu al'adar ta kai wa maƙwabci ɗauki ba tare da lada ba, suna ce mata gauchada, kuma baƙin da suka zo ƙasar daga Sifen da Italiya sun saba gina gidajensu da hannunsu. Sai dai in aka zauna aka yi lissafi, ƙimar wannan aikin ba ta wuce kashi 15 cikin ɗari na kuɗin ginin ba. Sauran kashi 85 rancen gwamnati ne. Saboda haka gumi kaɗai bai isa ya bayyana dalilin da ya sa gidajen da aka gina shekara hamsin da suka wuce har yanzu suke hannun masu ƙaramin ƙarfi ba, alhali a ƙasashe da dama gidajen talakawa kan koma hannun masu kuɗi kafin fentinsu ya koɗe. Abin da ya riƙe gidajen Yurugwai shi ne yadda aka tsara mallakarsu. Gina gida mai araha abu ne da kowace gwamnati za ta iya yi sau ɗaya. Wahalar tana wajen sa shi ya ci gaba da zama mai araha ga wanda zai shiga bayan na farko, kuma wannan ba ya yiwuwa matuƙar ana iya kai gidan kasuwa.

Gwajin garuruwan nan uku da ya tsaya a gidaje 95 in da ba a yi doka ba. A watan Disambar 1968 majalisar ƙasar ta zartar da dokar gidaje mai lamba 13.728, wadda babban wanda ya tsara ta shi ne Juan Pablo Terra, ɗan majalisa kuma masanin zanen gini. Dokar ta kafa asusun gidaje na ƙasa, ta ɗora masa haraji na kashi biyu cikin ɗari a kan albashi, rabi daga ma'aikaci rabi daga wanda ya ɗauke shi aiki. Ta kuma yi maganin wata cuta da ke kashe rancen gida a duk ƙasar da kuɗinta ke zubewa. A lokacin farashin kaya a Yurugwai na tashi babu ƙaƙƙautawa, wanda ya ba da rance na shekara ashirin ya san abin da zai dawo masa ba zai sayi rabin abin da ya bayar ba. Sai aka ƙirƙiro wani ma'aunin lissafi da ake ƙidaya bashin da shi, darajarsa na tafiya da matsakaicin albashin ma'aikata. In albashi ya tashi, abin da ake biya a wata ya tashi daidai gwargwado. In bai tashi ba, ba a matsa wa mai biya. Ta haka hauhawar farashi ba ta cinye asusun ba, mai bashi kuma bai shaƙe ba. Dokar ta amince da ƙungiyar gama-kai ta gidaje mai mambobi daga goma zuwa 200, ta kuma wajabta wa kowace ƙungiya ta ɗauki tawagar ƙwararru da ba ta neman riba, mai zanen gini da injiniya da lauya da akanta da ma'aikacin jin daɗin jama'a, aka kuma ƙayyade ladansu da doka. Su masu ba da shawara ne. Yanke hukunci na taron mambobi ne.

Wannan rabon iko shi ne ya fitar da ɗan kwangila daga lissafi. Ƙungiyar ce kamfanin ginin kanta. Ita ke karɓar rancen kashi-kashi gwargwadon yadda aiki ya ci gaba, ita ke sayen siminti da rodi da katako, ita ke ɗaukar shugaban magina da birkiloli da masu haɗa wuta da famfo, domin babu wanda ya ce direban bas ya wayi gari ya iya ɗora bulo a miƙe. Mambobi su ne leburori. Ƙungiya tana bin kowane iyali aikin sa'o'i 21 a mako har gini ya ƙare, wanda kan ɗauki shekara biyu ko fiye, kuma akwai kwamitin da ke rubuta sa'o'in kowa. Ribar da ɗan kwangila zai ɗauka, da abin da ke zurarewa a tsakanin masu sayen kaya, suna komawa cikin ginin, ko su zama ƙarin faɗin ɗaki, ko tagar da ta fi kyau. Akwai kuma wata dabara da ta cancanci a dakata a kanta: ba wanda ya san gidan da zai zama nasa sai an gama duka, sannan a jefa ƙuri'a. Mutumin da ke kwaɓa simintin bangon nan bai sani ba ko shi ne zai kwana a bayansa shekara arba'in, don haka ba shi da dalilin rage masa siminti. Sau da yawa kuma ginin da ake fara tayarwa shi ne zauren taro na unguwa, a ajiye kaya a ciki lokacin aiki, daga baya ya zama wurin taro da biki da renon yara. A manyan rukunai irin Mesa 1 da ke Montevideo, babban birnin ƙasar, inda ƙungiyoyi da dama suka haɗu suka gina ɗaruruwan gidaje a farkon shekarun 1970, mazauna sun samar wa kansu ɗakin shan magani da ɗakin karatu da shaguna tun kafin hukuma ta iso da nata.

In mamba ya tashi barin unguwa, ba shi da ikon neman dillali. Ƙungiya yake mayar wa gidan, ita kuma ta biya shi abin da ya zuba, har da ƙimar aikin da ya yi da hannunsa, bayan an cire wani kaso, sannan ta zaɓi wanda zai maye gurbinsa. Ba ya bayar da gidan haya, ba ya jinginar da shi. Hauhawar darajar fili, wadda ba shi ya jawo ta ba, titi da makaranta da bunƙasar gari ne suka jawo ta, ba ta shiga aljihunsa, kuma ba ta zama katanga a gaban mai shigowa. Don a ga muhimmancin wannan, sai a dubi inda aka bi wata hanyar. A Birtaniya, dokar da gwamnatin Margaret Thatcher ta yi a 1980 ta ba 'yan hayar gidajen hukuma damar sayen gidajen da rangwame. An sayar da kusan miliyan biyu a Ingila. Waɗanda suka saya na farko sun amfana ƙwarai, amma da yawa daga cikin gidajen yau suna hannun masu bayar da haya, wani lokaci ma hukumar da ta sayar da su ce ke biya wa talaka hayar zama a ciki. A Afirka ta Kudu, gwamnati ta gina miliyoyin ƙananan gidaje kyauta tun daga 1994, ta hana a sayar da su kafin shekara takwas, amma duk da haka ana sayarwa a ɓoye, sau da yawa a kan kuɗin da bai kai abin da aka kashe ba, domin wanda rashin lafiya ko bashi ya matsa wa ba ya jiran shekara takwas. A duka wuraren biyu, tallafin da aka fitar daga baitulmali ya tsaya a kan mutum ɗaya, ya tafi da tafiyarsa. A tsarin Yurugwai tallafin yana manne da gidan.

Shaida mafi ƙarfi a kan cewa mallakar haɗin gwiwa ce ƙashin bayan tsarin ta fito ne daga maƙiyansa. Sojoji sun riƙe Yurugwai daga 1973 zuwa 1985. Sun haramta babbar ƙungiyar ƙwadago, sun rufe majalisa, sun daina yi wa sababbin ƙungiyoyin gidaje rajista. Amma unguwannin da aka riga aka gina sun ci gaba da taronsu da zaɓen shugabanninsu, domin doka ce ta wajabta musu, har zaurukansu suka zama cikin 'yan wuraren da suka rage a ƙasar inda talaka ke ɗaga hannu ya faɗi ra'ayinsa. A 1983, da aka ƙara kuɗin biyan bashi na wata, FUCVAM ta kira yajin biya. Martanin gwamnati abin lura ne. Ba ta aika da motocin rusau ba. Doka ta fitar a ƙarshen shekarar wadda za ta raba mallakar, ta ba kowane mamba takardar gidansa. A ido kyauta ce. Amma sojojin sun fahimci cewa ba a iya korar iyalai 200 da bashinsu ɗaya ne, alhali mai bashi shi kaɗai ana iya ƙwace gidansa a yi gwanjonsa, maƙwabcinsa ya ga haka ya biya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ranar 26 ga Fabrairun 1984 mambobin suka fita gida-gida neman sa hannun jama'a don a yi ƙuri'ar raba gardama a kan dokar, suka tara kimanin 330,000 a yini guda, a ƙarƙashin mulkin soja. Dokar ba ta cim ma abin da aka yi ta dominsa ba. Talakawa ne aka miƙa wa takardar mallaka suka ce ba sa so, kuma sun san abin da suke yi.

Nan ne babbar suka take, kuma bai kamata a raina ta ba. Masanin tattalin arzikin nan na ƙasar Peru, Hernando de Soto, ya yi suna da hujjar cewa talaka yana zaune ne a kan dukiyar da ta mutu, domin gidansa ba shi da takarda. A ba shi takarda, ya kai banki, ya ci bashi, ya ja jari. Ta wannan ma'auni, hana mamba sayarwa ko jingina zalunci ne da aka yi wa ado: mai kuɗi yana cin ribar tashin farashin gidansa, talaka kuma an ce masa ya zauna kawai. Akwai gaskiya a ciki. Wanda ya shafe shekara talatin a gidan ƙungiya ya fita, abin da zai karɓa ba lalle ya saya masa gida irinsa a kasuwa ba. Amma abin da ya biyo bayan rabon takardu bai gaskata alƙawarin ba. Peru ta raba takardun mallaka sama da miliyan ɗaya daga 1996, bankunan kasuwa kuwa ba su yi rububin ba mazauna unguwannin talakawa bashi ba, domin banki albashi yake dubawa kafin ya dubi gida. Wani bincike da aka yi a wata unguwa da ke bayan birnin Buenos Aires, inda wasu iyalai suka sami takarda wasu ba su samu ba, ya nuna masu takarda sun fi gyara gidajensu, 'ya'yansu sun fi daɗewa a makaranta, amma samun bashi bai ƙaru ba sai kaɗan. Wato abin da ya amfane su shi ne kwanciyar hankalin cewa ba za a tashe su ba. Wannan kwanciyar hankali kuwa mamban ƙungiya yana da ita, har ma ta fi ta mai takarda ƙarfi, tunda ba shi da abin da mai bin bashi zai kama. Gida ɗaya ba ya zama jari da mafaka a lokaci guda ba tare da ɗaya ya ci ɗaya ba, kuma ga iyalin da ba shi da inda zai koma, mafakar ce ba ta da madadi.

Mai karatu Musulmi zai tambayi gado, kuma tambayarsa a kan hanya take. A tsarin, hannun jarin mamba dukiyarsa ce, magada suna gadonta, ɗaya daga cikinsu ya ci gaba da zama a gidan a matsayin mamba. Abin da ba a rabawa shi ne ginin kansa. Duk wanda ya san yadda gidan gado ke ƙarewa a tsofaffin unguwannin biranenmu, a yanka shi gida shida, ko a sayar a raba kuɗin kowa ya koma haya a bayan gari, zai ga hikimar raba ƙima a bar bango. Tunanin dukiyar da ba a sayarwa, ba a kyautarwa, sai dai a ci amfaninta, ba baƙo ba ne ga wanda ya san waƙafi, ko da yake su biyun ba abu ɗaya ba ne, kuma malamai ne za su tantance iyakar kamancin. Aibin da ya fi wannan damun tsarin a can Yurugwai wani ne daban. A tsohuwar ƙungiya da ta gama biyan bashinta, hannun jarin mai fita ya taru ya yi yawa, mai shigowa kuma shi zai biya, don haka wanda aka yi tsarin dominsa kan kasa shiga, sai wanda ya ɗan fi shi ƙarfi. Wannan ɓaraka ce ta gaske. Maganinta rance ne ga mai shigowa, kamar yadda aka ba na farko, kuma duk lokacin da hukuma ta yi sakaci da shi, ƙofar kasuwar da aka rufe ta gaba tana buɗewa ta baya.

Akwai kuma masu cewa sa'o'i 21 ɗin nan ƙarin bauta ce: mutum ya yi wa wani aiki duk mako, ranar hutunsa kuma ya yi wa gwamnati aikin da ya kamata ta yi masa. Nauyin ba ƙarami ba ne, kuma ba daidai yake sauka a kan kowa ba. Macen da ke riƙe da 'ya'ya ita kaɗai sa'o'inta ɗaya da na gidan da ke da ƙarti uku. An daɗe kuma mata na cika sa'o'in aiki alhali sunan miji ne kaɗai a rajista, sai a 2019 aka gyara doka ma'aurata suka sami damar zama masu haƙƙi tare. Duk da haka, a yi la'akari da abin da aikin ya maye. Banki na neman kafin alƙalami daga wanda ba ya iya ajiye ko na wata guda. Aikin hannu shi ne kafin alƙalamin da talaka ke da shi. Wanda ya fi son ajiye kuɗi a maimakon ɗaukar bulo, dokar ta ba shi hanyarsa, akwai ƙungiyoyin masu tara kuɗi tukuna, suna da tasu tarayyar mai suna FECOVI. Sannan aikin yana haifar da wani abu da ba ya cikin takardar lissafi. Mutanen da suka yi shekara biyu suna gardama a kan farashin rodi da sa'o'in wane da wane sun koyi karanta kasafi, sun koyi gudanar da taro, sun san halin juna. Su ne za su kula da magudanar ruwa da rufin da ya fara yoyo bayan shekara ashirin. Rukunin gidajen da aka gina aka miƙa wa baƙin juna makullai ba shi da wannan, shi ya sa matakalarsa da fitilun farfajiyarsa ke fara mutuwa, don na kowa ne kuma ba na kowa ba.

Ɗorewar gida, wadda yanzu ake yawan danganta ta da kayan gini na zamani, a nan take farawa: ginin da ake gyarawa ya yi shekara sittin ya fi wanda za a rushe a sake bayan ashirin sauƙi ga ƙasa da aljihu. Rabi na biyu na ɗorewa shi ne inda aka dasa gidan. Meziko ta nuna abin da ke faruwa in an mance da wannan. Kamfanoni sun gina dubban ɗaruruwan ƙananan gidaje da rancen asusun ma'aikata a filaye masu arha nesa da gari, inda babu aiki babu motar haya isasshiya, mutane da yawa suka kulle ƙofa suka koma kusa da abincinsu. Ƙungiyoyin Yurugwai ma ba su tsira daga wannan jan ba, manyan rukunansu na farko a gefen Montevideo aka gina su, domin can ne fili ke da sauƙi. Kuma ga wani kulli: ba a ba ƙungiya rance sai tana da fili, ba ta iya sayen fili sai da rance. A 1989 mambobin FUCVAM suka mamaye wasu filaye a birnin don su tilasta a dubi maganar. A 1990, lokacin da Tabaré Vázquez, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, yake shugabantar birnin, hukumar Montevideo ta kafa rumbun filaye: ta riƙa tanadin filayen da ke da ruwa da wuta da hanya, ta ba ƙungiya, ƙungiya ta biya bayan rancenta ya fito, kuɗin ya koma ya sayi wani filin. Daga nan ne aka soma gyara tsofaffin gine-ginen tsakiyar birni da aka yasar, aka mai da su gidajen ƙungiyoyi. Ɗaya daga cikin na farko, MUJEFA, mata ne masu riƙe da gidajensu su kaɗai suka gyara wani tsohon gida a tsohon garin suka zauna a ciki, kusa da inda suke neman abinci.

Ba za a ɓoye cewa tsarin yana da jinkiri ba, kuma bai kai ga kowa ba. Daga kafa ƙungiya zuwa karɓar makulli ana iya shafe shekaru da dama, wasu sukan gaji su fita, kuma saboda masu nema sun fi kuɗin da ake warewa, ma'aikatar gidaje ƙuri'a take jefawa tsakanin ƙungiyoyin da suka cika sharuɗɗa. Waɗanda suka bunƙasa tsarin kuwa galibi ma'aikatan masana'antu ne 'yan ƙungiyar ƙwadago, masu albashin wata da sabo da taro. Mai talla da mai aikin yini, wanda bai san abin da gobe za ta kawo ba, ya fi shan wuyar cika sa'o'i da biyan wata-wata, kuma har yanzu akwai unguwannin kwano da katako a gefen Montevideo. Amsar da aka samo ita ce tallafi a kan biyan wata: iyali ya biya abin da ƙarfinsa ya kai gwargwadon abin da yake samu da yawan bakunan da yake ciyarwa, gwamnati ta cike gurbin, in halinsa ya gyaru tallafin ya ragu. Ƙungiyoyin kansu suna da asusun agaji da ke riƙe wa mamba biya in ya rasa aiki ko ya kwanta ciwo, abin da ya taimaka wa da yawa lokacin da bankunan ƙasar suka durƙushe a 2002. Duk waɗannan suna komawa ga abu ɗaya da masu yabon taimakon kai da kai ba su cika son ji ba: ba a yi tsarin don gwamnati ta zare hannunta ba. Shekarun da asusun gidaje ya bushe, ginin ƙungiyoyi ma ya tsaya, kuma yawancin gwagwarmayar FUCVAM, daga zanga-zanga zuwa yajin biya, a kan kuɗin rance ne da yawan ruwan da ake ɗora masa.

An ga haka ƙarara da aka fita da tsarin waje. Da taimakon cibiyar ƙungiyoyin gama-kai ta Suwidin, wadda yanzu ake kira We Effect, FUCVAM ta kai shi El Salvador da Nicaragua da Honduras da Guatemala da Paraguay da Bolivia, aikin da ya sa ta sami lambar yabo ta duniya kan muhalli a 2012. A waɗannan ƙasashe yawancin mambobin ba masu albashi ba ne, mata ne 'yan kasuwa da masu ƙananan sana'o'i, kuma sun gina gidaje masu kyau, sun karɓi mallakar haɗin gwiwa duk da an ce ba za su taɓa yarda ba. Wannan ya rushe zancen cewa abin na Yurugwai ne kaɗai. Amma inda babu doka da asusu na dindindin, adadin gidajen ya tsaya kaɗan, ana jiran mai ba da agaji na gaba.

A Najeriya kusan kowane ɓangare na wannan tsari yana nan, a warwatse. Akwai adashi, akwai ƙungiyoyin gama-kai a ma'aikatu da makarantu da kasuwanni, akwai asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992 wanda ke cirar kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashin ma'aikaci, kuma dokar filaye ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamna, wanda ke nufin rumbun filaye irin na Montevideo ba ya bukatar a sayi komai daga kowa kafin a soma. Ga masu gudun kuɗin ruwa, bankunan da ba sa mu'amala da riba suna da hanyoyin haya da haɗin gwiwar da ke raguwa har mallaka ta koma hannu ɗaya, kuma babu abin da ya hana wannan hannun ya zama na ƙungiya. Abin da ƙungiyoyinmu suka saba yi shi ne su sayi gona a bakin gari, su yanka fuloti, su raba wa mambobi, daga nan aikinsu ya ƙare. Mai hali ya gina nasa, marar hali ya riƙe har kuɗin makaranta ko na asibiti su taso ya sayar, bayan shekara goma unguwar ta zama wata awon igiya, babu lambatu babu filin makaranta, rabin filayen kuma suna hannun dillalai. Matakin da ma'aikatan jirgin ƙasa na Salto suka ɗauka a 1966 yana zuwa ne daidai wurin da namu suke watsewa: ranar da fili ya zo hannu, su ba su kira mai awo ya raba ba, takarda ɗaya suka bari da sunan ƙungiya suka soma haƙar harsashi.